Yadda "Na Ƙoshi" Ta Kusa Watsa Makarantar Malam

Shekarun baya, tun gwiwoyin nan nawa ba su fara yi min tsiyar da suke yi yanzu ba, wata ƙungiyar da'awa ta Kano ta tura maigidana, Allah ya jiƙansa, wani ƙauye a arewacin Ghana, can gab da iyakar Burkina. Mutanen garin ba su daɗe da karɓar musulunci ba. Ba ma duka ba, a gida ɗaya sai ka ga wa yana salla, ƙane yana kan addinin kakanninsu. Ana son wanda zai zauna tare da su, ya koya wa yara karatu, ya ja salla. Aka ce kuma lallai ya tafi da iyalinsa, don matan can ba za su zauna gaban namiji su koyi tsarki da alwala ba, sai dai mace 'yar uwarsu. Iyalin nan kuwa ni ce.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Amma in dai alwala ce da salla da wankan tsarki, ban ga malamar da za ta gyara min ba. Kuma ni 'yar Balan ce, aure ne ya kawo ni Gaya. Duk wanda ya san gidanmu ya san ba a tashe mu sakaka ba.

Na ce wa Malam, "Yanzu da girmana, na aurar da 'ya'ya, za ka kwashe ni ka kai ni inda ban san ko kaza ba?"

Ya ce, "'Yar Balan, aikin Allah ne."

Haka yake min duk sanda yake son rufe min baki. Na ɗaure tukwanena da muciya da maburgi, na cika buhu da kuka da daddawa. Mahaifiyata tana raye a lokacin, ta tsufa tukuf. Da na je sallama ta riƙe hannuna ta ce, "Ki kama kanki. Kada ki je garin mutane a ce 'yar gidan nan kwaɗayi gare ta." Na ce, "Inna, ni za ki faɗa wa?"

Muka sha mota ta Nijar, muka ratsa Burkina, har na manta yadda ake miƙe ƙafa. Da muka sauka aka nuna min gidan da zan zauna, sai da na kalli Malam, shi kuma ya kalli sama. Ɗakuna ne kewayayyu na ƙasa, an manna su da juna kamar gidan zanzaro. Ƙofa sai ka durƙusa. Babu zaure. Katangar kuwa iya ƙuguna, akuya ma in ta yi niyya ba sai ta yi gudu ba. Ɓangarenmu yana manne da na mai masaukinmu da danginsa, tari guda.

Ban gama sauke kaya ba mata suka cika tsakar gidan. A gabansu akwai wata tsohuwa doguwa, yayar mai masaukin, mijinta ya rasu. Ta yi zaman zango, unguwar Hausawa, a kudancin Ghana tana 'yar sana'arta, a can ta tsinci Hausa. Ita ce maƙwabciyata, ita ce kuma bakina da kunnena a garin. Hausar tata dai sai haƙuri, mace da namiji duk "kai" ne a wajenta. Sannan ta laƙaba min Amarya. Ni da nake da jika, wai Amarya!

Ta durƙusa ta miƙo min ƙwarya, ruwa ne da garin gero a dame, abin da suke tarbar baƙo da shi ke nan. Wata ta dire kwano ta buɗe. Tuwo ne da miyar gyaɗa, ga zabo kwance a ciki ya sha mai. Jama'a, tun safe ban sa komai a bakina ba. Ƙamshin nan ya doki hancina har sai da cikina ya amsa.

To amma ku da kuka tashi a gidan mutunci kun san yadda abin yake. Macen kirki ba ta buɗe baki gaban baƙin ido. An kawo miki, ki ce kin ƙoshi. Mai gida ta ce haba, ki ce yanzu kika tashi daga kan kwano. Ta matsa, ta haɗa ki da Allah, ta ajiye kwanon ta saki labule ta fita. Sannan ki ɗan taɓa, ki rage, ki rufe. Haka aka yi wa kakata, haka na yi wa duk wadda ta taɓa taka gidana.

Sai na dafa ƙirji, na karkatar da kai, na ce, "Na ƙoshi, Alhamdulillahi."

Tsohuwar ta juya ta faɗa musu da yarensu. Ina zaune ina jiran "haba". Sai kawai na ga an mayar da murfi, an ɗauke kwanon, an ɗauke ƙwaryar, sun fice ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon zabon nan ya tsallake ƙofa ya tafi.

Da Malam ya shigo, leɓensa na ƙyalli, yana sakace, ya ce, "Kai, mutanen nan sun iya karamci."

Na ce, "Wane karamci? Mutanen da ba su san a matsa wa baƙo ba? Sau ɗaya fa suka ce in ci!"

Ya yi dariya ya ce zan saba. Ranar garin kwaki na jiƙa.

Abu na farko da na sa a gaba shi ne zana. Na ce ba zan zauna a fili kamar kayan talla ba. Malam ya sha yawo har ya samo wanda ya saƙa mana, aka kewaye ɓangarenmu, na ce yauwa, yanzu na zama mutum. Washegari da safe na fito da ɗaurin ƙirji ina shara, hankalina kwance, sai na ji daga sama an ce, "Amarya, ka kwana lafiya?"

Na ɗaga kai. Maƙwabciyata ce tsaye a kan rufin ɗaki tana shanya barkono, bayanta wasu matan suna ɗago min hannu. Ashe rufin ɗakunansu shimfiɗaɗɗe ne, a can suke shanya, a can suke hira, da wani gungume mai tsaga-tsaga suke hawa kamar ƙadangaru. Zanar da na tayar da hankalin Malam a kanta, kaji kaɗai ta hana ganina.

Haka dai muka fara zama. Malam ya kafa makarantarsa a gindin wata ɗorawa, yara suka cika ta har ba a jin kiran juna. Ni kuma bayan la'asar mata su zo tsakar gidana, kowacce da ɗan gwangwaninta na ruwa, ina nuna musu, tsohuwar tana fassara. Kuma gaskiya suna da ƙoƙari. Sai dai duk zuwan da za su yi sai wata ta riƙo wani abu. Yau dafaffiyar gurjiya, gobe tuwo, jibi ƙwan zabi. Ni kuma in dafa ƙirji in faɗi abin da aka koya min. Su kuma su ɗauke. Ko sau ɗaya ba a samu mai hankalin da za ta manta kwanon a bakin ƙofa ba. Ina ce a raina, wannan wace irin ƙasa ce, an ba su komai an hana su ta-ido?

Sannu a hankali kwanuka suka daina zuwa. Na ce to, na huta da ganin abin da ba zan ci ba. Sai matan ma suka fara raguwa. Yau wannan ta tafi gona, gobe waccan ɗanta ba lafiya. Aka wayi gari na shimfiɗa tabarmi, na cika buta, har rana ta yi ja ba wadda ta leƙo. Ban ankara ba abin ya tsallaka gindin ɗorawa. Yaran Malam suka zube kamar ganyen kaka, sai 'yan ƙalilan waɗanda ubanninsu suka tsaya a kai. Ga shi an aiko cewa da an gama girbi wakilin ƙungiya zai zo ya ga yadda aiki ke tafiya.

Ni ba na iya ajiye magana a ciki. Na hangi maƙwabciyata a kan rufi na ce, "Baiwar Allah, sauko mu yi magana. Ina matan nan suka shiga?"

Ta sauko, ta shigo, ta zauna daram a kan turmina. A kan turmi! Na haɗiye wannan, don wadda ta fi ta na gaba.

Ta ce, "Amarya, kafin ka zo mun sayi sabuwar tukunya. Sabon ludayi, sabon kwano. Ba a taɓa dafa abin da Malam ya hana a ciki ba. Zabo, musulmi ne ya yanka. Ka ce ka ƙoshi. Muka ce gajiya ne. Muka sake kawowa, ka ƙoshi. Kullum ka ƙoshi. Yanzu 'yan uwanmu da ba su salla suna mana dariya a bakin rijiya. Sun ce kun bar na kakanninku, kuna ta wanke hannu kuna wanke ƙafa, ga shi har yau ƙazamai ne ku a wajen matar malaminku."

Na ce, "Inna lillahi! Ni na ce muku ƙazamai?"

"Bakinka bai ce ba. Wanda ba zai ci daga hannuna ba, ni ba zan ba shi ɗana ba. Haka matan suka ce."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ai ku ne ba ku san baƙo ba! Ina aka taɓa cewa mutum ya ci sau ɗaya a ɗauke kwano? A garinmu sai an yi ta fama da shi!"

Ta ƙura min ido. "Ranar da ka zo, kana jin yunwa?"

"Kamar in ci babu!"

"To don me ka yi ƙarya? Malam ya ce musulmi ba ya ƙarya."

Kun ji fa! Matar da ni na koya mata inda ake tsayar da wankin hannu, yau ita ke ja min hadisi. Na ce, "Wannan ba ƙarya ba ce, kunya ce."

Ta miƙe tana karkaɗe zane, ta ce, "Garinku da wahala. Yunwa ma sai an roƙe ta."

Da Malam ya dawo na zazzage masa. Ya ce shi ma da sakacinsa, bai lura ba. Na ce, "Ina za ka lura, kana can gida-gida kana kwasar girki?" Ya ce, "'Yar Balan, abin nan fa loma ɗaya ce. Ki ci a gabansu, magana ta mutu."

Na ce, "Loma ɗaya? Kai da kake mijina sai da na yaye ɗan fari kafin ka ga bakina yana motsi. Yanzu ka ce in zauna gaban garin mutane ina tauna kamar akuya?"

Na ce bari in gyara abin irin na gida. A Gaya in kin ɓata da maƙwabciya ba sai an yi dogon zance ba, ki yi girki mai kyau ki aika mata, ta gane. Na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa miyar kuka da daddawar da na taho da ita, na zuba man shanun da nake ta ɓoyo. Na miƙa wa surukar tsohuwar ta kan zana. Na koma na zauna ina jiran a dawo min da kwano da ɗan wani abu a ciki, yadda ake yi.

Kwano ya dawo kuwa. Tsohuwar da kanta ta kawo shi, ta dire a gabana, ko murfin ba a ɗaga ba. Ta dafa ƙirji, ta karkatar da kai, ta lanƙwasa murya irin tawa sak, ta ce, "Mun ƙoshi, Alhamdulillahi."

Wallahi da a Balan aka yi min haka, da sai dagaci ya shiga maganar. Na yi kwanaki ko rufin ba na kallo.

Abin da ya karya ni ba ita ba ce. Wata rana da hantsi na ga Malam ya shigo rungume da alluna, yana jera su a jikin bango ɗaya bayan ɗaya, masu su ba su zo ba. Mutumin da ya baro gonarsa da ɗalibansa na Gaya. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "In mutumin ƙungiya ya zo ya ga haka, gida za mu koma. Ba komai, Allah bai nufa ba." Wannan "ba komai" ta fi mari zafi. Kuma na san mutanen garinmu. Ba za a ce aiki ya ƙi ba, cewa za a yi matarsa ce ta kashe masa.

Ana nan sai wata safiya na ji tim, tim, tim daga ɓangaren tsohuwar, da waƙar mata. Ko a mafarki na san wannan sautin. Daɓe suke yi. Kafin siminti ya zo ya lalata mata, in za a yi daɓen ɗakin amarya a Balan ni ake fara aika wa. Na leƙa ta jikin zana na ga yadda suke yi, tsakuwar ba ta jiƙu ba, suna ta bugu a wuri ɗaya. Hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na yafa mayafi na zagaya na shiga, ba wadda ta gayyace ni.

Waƙa ta tsaya. Ban kalli kowa ba. Na ɗaure mayafin a ƙugu, na karɓi madaɓi a hannun wata yarinya mai ciki, na yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, na durƙusa na fara daga lungu ina ja da baya. Suka tsaya kallo. Can wata ta durƙusa kusa da ni, wata ta biyo, waƙa ta dawo. Ban san me suke cewa ba, mai yiwuwa ma ni suke zagi, amma bugun ya hau daidai. Muka yi ta yi har rana ta take, daɓen nan ya kwanta sumul kamar tafin hannu.

Sai aka fito da abinci. Wata ƙatuwar roba ta tuwo, da tukunyar miya. Suka wanke hannu suka kewaye ta. Ni kuwa aka bar ni tsaye da madaɓi a hannu. Ba wadda ta ce min ci kanki. Ta ina za su ce? Sun riga sun san amsata.

'Yan uwa, na haihu ba sau ɗaya ba, na san wuya. Amma ban taɓa jin abin da na ji a tsayuwar nan ba. A yi miki tayi ki ci ma abin kunya ne, ina ga ki kai kanki inda ba a kira ki ba? Sai allunan nan suka faɗo min a rai. Na ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce, "Ni ba za a matsa min ba?"

Tsohuwar ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Amarya ya ƙoshi."

Na ce, "Amarya ba ta ƙoshi ba. Amarya tun da ta zo garin nan take jin yunwa. Matsa min, ke!"

Na ture ta da gwiwa na zauna, na wanke hannu, na yi bismilla da ƙarfi don kowa ya ji, na yanko loma. Tuwonsu da ruwan tsami suke tuƙa shi, ga miyar wani ganye mai yauƙi da ban san sunansa ba, an zabga mata man kaɗanya da barkonon da ke kan rufin nan kaf. Na kai baki. Idona ya kawo ruwa. Har waɗanda ba sa salla sun leƙo ta saman rufi suna kallon maƙogwarona. Na haɗiye. Na sake yankowa.

Sai wata ta rangaɗa guɗa irin tasu. Gida ya kaure. Wannan ta turo min nama, waccan ta ƙara min miya, wata ta ruga ta damo ruwan garin nan ta kafa min ƙwarya a baki. Mutanen da ba su iya matsa wa baƙo ba, ranar suka koya gaba ɗaya a kaina. Na ce ya isa, tsohuwar ta ce, "A'a, mun gane yanzu. In ka ce ya isa, ƙari kake so." Na ci har sai da na kasa miƙewa, mata biyu ne suka ɗaga ni.

Tsohuwar ta ɗaga kai ta yi wa na kan rufin wata magana da yarensu, suka sauka sumui-sumui. Na tambaye ta me ta ce. Ta ce, "Ba naka ba ne."

Washegari bayan la'asar tabarmina ba su isa ba. Kafin mako ya zagayo gindin ɗorawa ya koma yadda yake, har da yaran da ba su taɓa zuwa ba. Wakilin ƙungiya ya zo ya ga makaranta cike, ya yi ta sa wa Malam albarka, yana cewa haƙurinsa da iya wa'azinsa ne. Ina bayan zana ina ji. Muka yi shekaru a garin. Sai dai kafin mu taso ba gidan da ban ci tuwonsa ba, don in na ci na wannan na tsallake na waccan, sabuwar rigima ce. Na tafi Ghana siririya, na dawo Gaya zannuwana ba sa zagaye ni.

Har gobe ban ce na yi laifi ba, kada ma wani ya sa min baki. Tarbiyyar gidanmu ba ta da aibu, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Jikokina mata ma haka nake koya musu, su kama bakinsu a gidan mutane. Abin da na ƙara musu kawai shi ne, kafin ki ce kin ƙoshi, ki dubi fuskar mai kwanon. Wata abinci ta kawo miki. Wata kuwa tambaya ta kawo, tana son ta ji ko kin ɗauke ta mutum.

Abin da ke ci min rai har yau shi ne yadda aka tattara yabon nan aka ɗora wa Malam. Shi ya yi ta wa'azi har muryarsa ta dishe, ban musa ba. Amma wa ya haɗiyi barkonon? Na faɗa masa tun yana raye, na ce ladan garin nan fa raba shi za mu yi, kuma ni zan zaɓa. Ya yi dariya har da tari, bai ce e ba, bai ce a'a ba, har Allah ya karɓi abinsa. Ba komai. Ina nan tafe, zai ba ni amsa a can.